Durƙuso a Tasha ta Uku

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Shekaru sun tafi, na bar Masar, na yi aure, furfura ta fara leƙowa, amma duk inda tsofaffin ɗaliban Alƙahira suka kai uku a zaune sai wani ya ce, “Wai ina mutumin nan da ya durƙusa?” To, ni ne mutumin. Na gaji da jin labarin a bakin waɗanda ko hanyar filin ba su sani ba (akwai wanda yake rantsuwa har takalmi na cire, ƙarya yake yi), shi ya sa na ce gara in faɗa da bakina sau ɗaya ko na huta.

Shekarata ta uku ce a Alƙahira, wajen 2014, ina karatun Shari’a. Wanda ya yi karatu a can ya san yadda abin yake: shekarar farko ɗoki, ta biyu haƙuri, ta uku kuwa gajiya ce zalla. Mu huɗu muke zaune a wani ɗan gida a Ainu Shams. Da safe wake, da rana wake, da yamma a ɗauke wuta. Ka bi layin sabunta takardar zama tun asuba, ka iso gaban taga a ce maka “bukra”, wato gobe, kuma goben nan tasu ba ta da ranar zuwa. A cikin wannan hali, mai hankali kwanciya yake yi idan ya samu sarari. Ni kuwa sai na shiga ƙungiyar wasa.

Attahir ne ya ja ni. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su aikin Hajji a ƙafa, suka yada zango a Gadarif, zangon ya zama gida. Kwalejinmu ɗaya, yana gabana da shekara guda, da yamma kuma yana guga a wani shago a unguwarmu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, amma yana da ciwo guda ɗaya, wato besbol. Tun yana ƙarami ya koya a wajen wani baƙo da ke koyar da yara a wata cibiyar matasa, abin ya shiga jininsa. Shi ya kafa ƙungiyar kwalejinmu, ya tattaro ’yan Indunusiya, ’yan Filifin, wani dogon ɗan Sanagal, ya yi ta bin kasuwar gwanjo yana tsinto safar hannun kama ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, yana ɗinke su da kansa.

Wata rana ya gan ni ina bin ƙaramar motar haya da gudu, da jallabiya, da littattafai a hammata, har na cim mata na ɗane. Washegari ya tare ni a bakin masallaci.

“Ya zol,” ya ce (haka ’yan Sudan ke kiran mutum), “wannan gudun naka asara ne a bayan mota.”

Ga wanda bai san wasan ba, ba wani abin wahala ba ne, ko da yake ni sai da na yi wata biyu kafin in gane. Wani zai jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, kai kuma ka make ta da kulki. In ka same ta sai ka ruga. Akwai tasha uku a filin, kowacce ɗan matashi ne fari a ƙasa, ta huɗun ita ce gida, inda ka taso. Duk wanda ya zagayo ya dawo gida, an ci ɗaya. Muddin ƙafarka na kan tasha, babu mai iya taɓa ka. In ka sauka, aka taɓa ka da ƙwallo a hannu, ka mutu. Mutum uku suka mutu, zagayen ya ƙare.

Ni dai duka ban iya ba. A wata huɗu sau biyu kulkina ya haɗu da ƙwallo, ɗaya daga ciki ma kare fuskata nake yi. Kamawa kuwa, hancina ne ya fi hannuna iyawa. A ƙarshe Attahir ya yanke mini aiki guda: zan zauna a benci, in wani mai nauyin jiki ya kai tasha a lokacin da ake tsananin buƙatar ci, sai a cire shi a sa ni in yi gudun. Kuma ya ba ni doka ɗaya tak, yana maimaita ta kamar wazifa.

“Sauran ’yan wasa suna ɗan sauka daga tasha su rage tafiya. Kai ban yarda ba. Ƙafarka a kan matashin nan har sai ka ji ƙarar kulki. Ko ƙasa ce ta tsage, ka tsage tare da ita. Tamam?”

Na ce tamam. Har haushi na ji, don na ga kamar ya raina mini hankali.

A ƙarshen zangon karatu ake gasar kofi ta kwalejoji shida, a wani fili a Giza, daga Litinin zuwa Alhamis. Tsarinta shi ne ba a korar ƙungiya sai an cinye ta sau biyu. Sau biyu Attahir yana kai ƙungiyar wasan ƙarshe a shekarun baya, sau biyu yana dawowa a jirgin ƙasa da jakar kulake a kafaɗa, babu kofi. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Mahaifinsa ya tsufa, an riga an gaya masa da ya gama jarrabawa zai koma Gadarif ya riƙe gona, kuma a can, in ji shi, ko zanen kulkin besbol ba wanda ya taɓa gani. Bai taɓa cewa yana son kofin ba. Amma na taɓa shiga ɗakinsa na ga ya share saman kabad tas, ya bar wajen babu komai, alhali littattafansa na jibge a ƙasa.

Yanzu sai in kawo muku Malam Isiyaku, don ba don shi ba da babu labari.

Malam Isiyaku aminin mahaifina ne a Gusau. Shi ya ɗora ni a kan allo, shi ya yi mini hanyar tallafin karatun da ya kawo ni Masar. Ina ɗan shekara tara na taɓa gaishe shi a tsaye, hannuna ɗaya a aljihu, ina sauri za ni ƙwallo. Mahaifina ya jira sai da baƙo ya tafi. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, amma tun daga ranar, in na ga Malam, gwiwoyina ba sa neman shawarata.

A wannan shekarar aka turo shi Alƙahira wani kwas na limamai na wata uku, ya sauka a unguwar Faisal. Ranar Juma’a kafin gasar na je gaishe shi. Ya tambaye ni karatu, na ce alhamdu lillahi (ina da darasi biyu da na faɗi). Don in kawar da zancen sai na ce ai har wasa nake yi wa kwaleji. Ya ce wane iri? Na yi bayani. To, baki shi ke yanka wuya. Ban ce ni ne kyaftin ba, amma ban ce ba ni ba ne. Na ce in ba ni a fili ƙungiyar ba ta da sukuni. Da zan tafi, don dai cika magana, na ce, “Allah gafarta Malam, in mun kai wasan ƙarshe ranar Alhamis, da za ka samu zuwa ai da mun samu albarka.” Har kwatancen filin na yi masa. A raina na san dattijo mai shekara sittin da wani abu ba zai ratso cunkoson Giza don ya ga yara na dukan ƙwallo da sanda ba.

Ya ce, “In Allah ya yarda, Auta.” Na ɗauka irin “in Allah ya yarda” ɗin nan ce ta sallamar yaro.

Ranar Litinin aka cinye mu a wasan farko. Wannan ya jefa mu doguwar hanya, inda kowane wasa in ka faɗi ka tafi gida. Talata muka yi biyu, Laraba ɗaya. Kullum mu taso daga Ainu Shams da sassafe, mu canja jirgi, mu shiga motar haya da jakunkuna a cinya, mu yini a rana, mu dawo kamar an yi mana duka. Ni da ba na komai sai zaman benci ma na gaji, balle masu yi. Yatsun mai jefa mana ƙwallo suka fashe. Ɗan Sanagal ya gurɗe a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Attahir ya rame a kwana uku, idanunsa suka faɗa, amma duk lokacin da ya riƙe kulki sai ƙwallon ta tafi inda ba kowa.

Ranar Alhamis muka haɗu da ƙungiyar kwalejin koyon aikin injiniya, Misirawa zalla, masu riguna iri ɗaya da sunayensu a baya (mu kuwa kowa da kalar wandonsa). Su ba a taɓa cinye su ba, don haka sai mun doke su sau biyu. Da safe muka doke su, ba mu ma san yadda aka yi ba. Aka yi sallar azahar, aka dawo wasan da zai raba gardama. Mahaifiyar Attahir da ƙanwarsa, da suka zo masa ziyara daga Gadarif, sun biyo mu, suna zaune a inuwar wata bishiya da fulas ɗin shayi. Na duba ko’ina ban ga Malam ba, na yi hamdala a ɓoye.

Aka zo zagayen ƙarshe suna da huɗu muna da uku. Mutum ɗaya ya mutu. Ɗan Sanagal ya make ƙwallo ya ɗingisa ya kai tasha ta farko da ƙyar. Attahir ya waiwayo benci.

“Yalla. Ka tuna abin da na gaya maka.”

Na shiga. Fauzi, wani ɗan Indunusiya gajere, ya buga ta bi ƙasa ta ratsa tsakaninsu, na ji ƙarar kulki na saki ƙafa. Jama’a, ranar na yi gudu. Na wuce ta biyu ban ko kalle ta ba, na isa ta uku na faɗa a kanta da ƙura da komai. Aka yi ta ihu. A karon farko tun da na zo Masar na ji ni ma wani ne. Mai bugu na gaba ya kai duka uku bai samu ko ɗaya ba, ya mutu. Saura rai ɗaya ke nan. Ni ina ta uku, Fauzi na ta farko, kuma wanda ya ɗauki kulki ya nufo wajen bugu shi ne Attahir.

Lissafin a fili yake. In ya buga na isa gida, an yi kunnen doki. In Fauzi ya biyo ni, kofi namu ne. Filin ya yi tsit. Na ga Attahir ya goge hannunsa a wando, ya kalli inuwar bishiyar nan, leɓɓansa na motsi. Shekara huɗu yana ɗinkin safar hannu saboda wannan tsayuwar. Ni kuma na dasa ƙafata a kan matashi kamar an kafa ta da ƙusa.

Sai na ji an ce, “Salamu alaikum.”

Filin nan ba shi da shinge. Farin layi ne kawai aka ja da alli, kuma akwai wata ƙaramar ƙofa a katangar da ke kusa da tasha ta uku, wadda masu shara ke bi. Ta nan Malam Isiyaku ya shigo. Babbar riga fara, lema a hannun hagu, gumi ya jiƙa masa hula, alamar ya sha fama da motocin Faisal kafin ya gano wajen. Ya hango ni, fuskarsa ta washe, ya tako har bakin layin, kamar taku huɗu daga inda nake. Ya miƙo hannu.

“Auta. Ashe na same ku.”

Zan so in ce ban san lokacin da abin ya faru ba, amma na yi alƙawarin faɗin gaskiya. Na sani. Na yi tunani, har dabara na yi. Na amsa sallamar, na bar ƙafar dama a kan matashi, na miƙa jiki da hannu iya tsawona kamar mai tsinkar mangwaro ta kan katanga. Saura kamar kamu biyu hannuna ya kai nasa. Malam bai matso ba. Me zai sa ya matso? Tun da aka haife ni bai taɓa takowa wajena don mu gaisa ba. Ya tsaya da hannunsa a iska, murmushin ya fara raguwa, girarsa ta ɗan ɗaga, irin ɗagawar da na sani tun ina shekara tara.

Gaba kura, baya sayaki. A can Attahir da kulki, a nan hannun dattijo a rataye a gaban jama’a. Na ce a raina daƙiƙa biyu ce, in taɓa hannun in dawo. Abin da na manta shi ne ba a gaida Malam Isiyaku a daƙiƙa biyu, kuma ba a gaishe shi a tsaye. Ina sauka daga matashin gwiwoyina suka karɓi mulki. Sai ga ni a durƙushe, hannuna biyu riƙe da nasa, kaina a sunkuye.

“Allah gafarta Malam, an zo lafiya?”

“Lafiya lau. Ya karatu?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ya zafi?”

Ina jin ana kururuwa a bayana da harsuna kusan biyar. Fauzi na ihu da Larabci in koma, ɗan Sanagal na yi da Faransanci. Na yunƙura zan tashi, amma Malam bai saki hannuna ba, don bai kai ga tambayar mutanen gida ba tukuna.

Mai jefa ƙwallonsu, in ji waɗanda suka gani, sai da ya tsaya yana kallona na ɗan lokaci, don bai yarda da idonsa ba. Sannan ya lallaɓa ya jefa wa mai tsaron tasha ta uku, a hankali, kamar mai miƙa wa yaro lemo. Shi kuma wani saurayi ne mai ladabi. Ya tako ya tsaya a kaina, har ya ɗan jira ko za mu kai aya. Da ya ga babu alama, ya ɗora mini safar a kafaɗa.

“Ma’alish, ya shaikh,” ya ce, wato in yi haƙuri.

Alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Khalas, an gama.

Misirawa suka ɓarke da murna, suna tsalle suna rungumar juna a tsakiyar fili. Malam ya dube su, ya dube ni, ya gyaɗa kai cikin jin daɗi.

“Masha Allah. Duk kai suke yi wa wannan?”

Ina nan a durƙushe, don a lokacin babu inda ya fi mini daɗi kamar kusa da ƙasa, da ma za ta tsage ɗin kamar yadda aka yi mini alƙawari. Ta gefen ido na hango Attahir. Yana tsaye a wajen bugu, kulki a kafaɗa, yadda yake tun ɗazu. Ko ƙwallo ɗaya ba a jefo masa ba. Da ya kai duka ya kuskure, da ya san shi ya faɗi. Ni ko wannan ban bar masa ba.

Can sai ya taho. Tafiya yake a hankali, yana jan kulkin a ƙasa. Wallahi na sallama, na ce in ya sauke mini shi a ka ba zan kai ƙara ba. Ya iso, idanunsa jajur, jijiyar wuyansa na harbawa. Ya buɗe baki.

Malam ya ce, “Wannan abokinka ne, Auta?” Ya miƙa masa hannu.

Na ga Attahir ya kalli hannun, ya kalli furfurar. Na ga yaƙin da na gama yi ɗazu yana gudana a fuskarsa. Kakanninsa sun bar ƙasar Hausa shekara aru-aru, amma ashe sun tafi da gwiwoyinsu. Ya ajiye kulkin, ya durƙusa a gefena, ya kama hannun da hannu biyu.

“Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?”

Suka gaisa tsaf, har da tambayar iyaye da ta garinsu. Malam ya ji daɗin samun Bahaushe a nan, ya sa masa albarka. Sannan ya gyara riƙon lemarsa ya ce, “To, an fara wasan ne ko da saura?”

“An gama, Baba.”

“Af. Wa ya ci?”

Attahir ya juyo ya dube ni, mu biyu a durƙushe cikin ƙura.

“Tarbiyya ce ta ci, Baba,” ya ce.

Malam ya ce ai kullum ita ke ci. Har ya bar Masar bai san abin da ya faru ba, kuma da ya koma Gusau ya gaya wa mahaifina cewa ya ga yadda Larabawa ke girmama ni da idonsa.

A jirgin komawa babu wanda ya yi mini magana. Ba su zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ni na ɗauki jakar kulake daga Giza har Ainu Shams, babu wanda ya ce in kawo ya taya ni, ni ma ban nema ba. A bakin gidansu mahaifiyar Attahir ta tsiyaya mini sauran shayin da ke fulas ta ce, “Sha, ɗana. Uwarka ta iya haihuwa.” Har yau ban san ko yabo ne ba.

Na ba Attahir haƙuri ya fi sau goma. Kullum sai ya ce ma’alish, ya ci gaba da gugarsa. Ranar da zai tafi na je taya shi ɗaure kaya, na ga saman kabad ɗin nan yana nan a share. Na kasa haɗa ido da shi. Da zai shiga mota ya miƙo mini kulkinsa, ya ce in riƙe, a Gadarif sai dai a kori jaki da shi. Yana nan a bayan ƙofar ɗakina, matata na kashe kyankyaso da shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka gayyaci dattijo don cika magana, domin su ba su san cika magana ba, zuwa suke yi. In kuma ka gayyace shi, ka gaya masa gaskiyar matsayinka, ka sa a tarbe shi ta babbar ƙofa. Amma in wani yana jira in ce da za a sake da ba zan sauka daga matashin ba, to ya daina jira. Na gwada abin a raina sau ɗari, kuma duk sau ɗarin a ƙasa nake samun kaina.

Muna gaisawa da Attahir har yanzu. Yana da ’ya’ya huɗu da gonar riɗi. Duk Sallah nakan tura masa doguwar gaisuwa, in tambayi babansa, in tambayi yara, in tambayi damina, in ce yana ina yanzu, gona ko gari. Amsarsa ba ta taɓa canjawa ba.

“Ina nan tsaye inda ka bar ni, ya zol. Kulki a kafaɗa.”